Jaririn da uwa ta bari, wa zai ba shi nono?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini rai. Ni malamin firamare ne a Funtuwa. Ban saba rubuto wa jarida ba, amma wannan karon na kasa yin shiru.

Makon jiya na je ta'aziyya wani ƙauye a kan hanyar Bakori. Ta'aziyya ta biyu ke nan a gida ɗaya cikin wata biyu. Ta farko ta matar gidan ce, wadda jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ta cika kafin a sami motar kai ta asibiti. Ta biyun kuwa ta jaririn da ta bari ce. Ya yi kwana arba'in da 'yan kai ana ɗura masa nonon akuya da ruwan koko da cokali, har gudawa ta kama shi, ta tafi da shi cikin kwana uku. Muna zaune a tabarma ƙofar gida, duk wanda ya zo sai ya ce, "Allah sarki, ya bi uwarsa." Wani dattijo ya ƙara da cewa ai dama ɗan da uwarsa ta mutu a jego ba ya zama. Na yi shiru don wurin makoki ne. Amma da aka yi mini iso na shiga cikin gida in yi wa mata gaisuwa, sai na ƙirga mata uku da goyo a bayansu, dukkansu matan gidan.

Na yi imani babu mai wuce kwanansa. Sai dai Allah ya sanya wa kowane abu sababi, sababin rayuwar sabon haihuwa kuwa nono ne. Ba mugunta ce ta hana matan nan ba, don na ga irin kukan da suke yi. Ba wanda ya ce su ba shi, su kuma ba su ga fuskar da za su miƙa hannu su ɗauke shi ba. Na san wannan hali ciki da bai, domin ni ma saura ƙiris ya ci ni.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mai ɗakina, Allah ya jiƙanta. Ta haihu lafiya, aka yi suna, bayan kwana biyu zazzaɓi mai zafi ya rufe ta, kafin a gano kansa ta riga mu gidan gaskiya. Ta bar mini yara maza biyu da jaririya 'yar kwana goma sha ɗaya. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta baro ƙauye ta dawo gidana don ta riƙe ta.

Kowa ya ce a sayo madarar gwangwani, na sayo. Ƙaramin gwangwani kwana huɗu zuwa biyar yake yi mana. Daga baya aka gaya mini a asibiti cewa jariri yana shanye kusan kilo 20 na garin madarar a wata shida na farko, wato gwangwani wajen 50 irin mai giram 400. Wanda duk ya san albashin malamin firamare ya san wannan lissafi ba zai fita ba. Ga hura gawayi tsakar dare don tafasa ruwa, ga wanke fida, ga ƙuda da rana. A mako na uku na ce wa Inna ta riƙa rage awo, inda aka rubuta cokali uku ta sa biyu, don gwangwanin ya kai mu ƙarshen mako. Wannan magana har yau tana tsaye a ƙirjina, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau da nake rubuta ta. Yarinya ta fara ramewa. Fatar cinyarta ta yi yaushi tana naɗewa, maɗigarta ta lotsa, kukanta ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa.

Muka kai ta asibiti aka ɗora ta a sikeli. Ma'aikaciyar jinyar, wata dattijuwa, ta dubi katin, ta dube ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Malam, duk danginku babu mai goyo?" Na ce akwai. Ta ce, "To me kuke jira?"

Ranar ban koma gida ba sai da na biya ta wurin yayana. Matarsa tana goyon ɗa namiji ɗan wata uku. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya sunkuyar da kai, ya ce in bari ya yi shawara. Washegari sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta zo da sassafe ko mayafi ba ta ajiye ba. Ta ce, "Kai yanzu so kake ka toshe mana ƙofar zumunci? Yarinyar nan in Allah ya raya ta ai matar ɗan wanka ce. In ta sha nonon uwarsa shi ke nan, an haramta gida biyu." Na ce, "Gwaggo, sai ta rayu tukuna za a yi maganar aurenta." Ta ce in bar wa Allah, ai marayu da yawa sun tashi da koko. Ban riƙe su a zuciya ba, don abin da suka tashi suka tarar ke nan, kuma har ga Allah suna ganin alheri suke nufi. Amma na fito gidan ƙafafuna ba ƙwari.

Wanda ya zo mini da mafita ba dangina ba ne. Maƙwabcina ne da katanga ɗaya ta raba mu, mahauci, wanda gaisuwa da cinikin nama kawai ke haɗa mu. Bayan sallar isha'i ya ja ni gefe a ƙofar masallaci, yana magana ƙasa-ƙasa kamar shi ne mai roƙo. Ya ce, "Malam, mai ɗakina ta ce kukan yarinyar nan ya hana ta barci. Ita kuma nono ya yi mata yawa, har zuba yake yana jiƙa mata riga. In ba za ka ji komai ba, a miƙo ta." Na kasa ce masa komai, na riƙe hannunsa kawai.

Ina ganin an gama, ashe yanzu aka fara. Inna da kanta ta tirje. Ta ce jikar malamai ta sha nonon gidan mahauta? Ai hali a nono ake shan sa. Wata daga cikin dangi ta ce wa ya san asalin matar, kada a je a sha maita a nono. Da Inna ta ga ba zan janye ba, sai ta ce to a gwada nonon irin yadda ake yi a ƙauye. Aka tatsa a cokali, aka jefa kiyashi a ciki, wai in ya fita da rai nonon lafiyayye ne. Baiwar Allah nan ta zauna a tsakar gidana, da ɗanta a cinya, ta bari aka yi mata wannan duka ba ta ko ɓata rai ba. Ni ne kunya ta kama. Mutum ya kawo maka alheri har gida, ka tare shi da cokali da kiyashi.

Gwajin da ya kamata shi ne wanda dattijuwar asibiti ta ce kada mu kuskura mu tsallake: a auna jinin mai shayarwa, domin ƙanjamau yana bi ta nono ya kama jariri. Ta ce a duba ciwon hanta da tunjere ma, a tambaye ta ko tana tari mai daɗewa ko tana shan wani magani. Wannan ya fi yi mini nauyin baki. Yaya zan dubi mutumin da ya yi mini haka in ce a je a auna matarsa? Na kwana ina juya maganar. Da safe na faɗa masa, ya shiga ya gaya mata, sai na ji muryarta daga bayan katanga tana cewa, "Ai an yi mini lokacin awo, amma a sake, ba komai. Ni ma hankalina zai fi kwanciya." Muka je, aka auna, sakamako ya fito lafiya.

Ba zan manta shan farko ba. Ina tsaye daga bakin zaure, Inna ce ke ba ni labari daga ciki, amma kunnena ya ji. Da farko yarinyar ta ƙi kamawa, ta saba da robar fida, tana ta kai baki tana saki tana kuka. Matar ta tatso kaɗan ta shafa mata a leɓe, ta gyara mata kwanciya, ta yi ta lallashi. Can sai kukan ya ɗauke. Gidan ya yi tsit har ina jin ƙarar haɗiyarta, ƙut, ƙut, ƙut. Inna ta ce gumi ne ya tsattsafo mata a goshi, hannunta kuma ya damƙe bakin zanen matar ta ƙi saki. Ta sha har nonon ya suɓuce daga bakinta don barci. Tun rasuwar uwarta ranar ce ta fara yin barci daga isha'i har tsakar dare ba ta motsa ba. Da Inna ta fito, ita da ta kawo kiyashi, gefen mayafinta take sa wa a ido.

Jariri yana neman nono sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana ɗaya, har da cikin dare, ba zai yiwu a riƙa zagayawa ta titi ana buga ƙofa ba. Sai maƙwabcina ya ɗauko diga ya fasa katangar da ke tsakaninmu daidai yadda mutum zai wuce a sunkuye, ya sa mata 'yar ƙofa ta langa-langa. Ta nan Inna ke miƙa yarinya. Masu cewa nonon ba zai ishi yara biyu ba sun ga akasin haka, domin yadda ake tsotsa haka yake ƙara kawowa, shi ya sa mai tagwaye take shayar da biyu. Abin da mai shayarwa take bukata shi ne ta ƙoshi, ta sha ruwa, a rage mata wahala. Na so in yanka mata kuɗi duk wata, ta ce Allah ya kiyaye ta sayar da nono. Sai da liman ya sa baki, ya ce Alƙur'ani da kansa ya ce a ba masu shayarwa ladansu, babu abin kunya a ciki. Muka daidaita a kan gero da gyaɗa na kunu, da wake, da sabulu, da atamfa in salla ta zo. Duka bai kai rabin kuɗin madara ba.

A wurin limamin unguwarmu na gane cewa abin da muke jin nauyinsa da sunan addini, addinin ne ya fi kowa buɗe ƙofarsa. Ya karanta mini aya ta 233 a suratul Baƙara, inda bayan an ambaci shekara biyu na shayarwa aka ce in kun so ku nemar wa 'ya'yanku mai shayarwa babu laifi a kanku. Ya karanta aya ta 6 a suratuɗ Ɗalaƙ, inda aka ce in iyaye sun kasa daidaitawa wata ta shayar masa. Sa'an nan ya tuna mini abin da kowane ɗan Islamiyya ya haddace amma ba mu tsayawa mu yi tunani a kai: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Suwaiba ta shayar da shi, Halimatus Sa'adiyya ta tafi da shi ƙauyen Banu Sa'ad ta shayar da shi. Muna sa wa 'ya'yanmu sunan Halima da Sa'adiyya, muna yabonta a wa'azi, amma aikin da ya ɗaukaka ta mun mai da shi abin ƙyama.

Kan maganar Gwaggo, liman ya ce Sayyidina Hamza baffan Annabi ne kuma ɗan'uwansa na shan nono, don Suwaiba ta shayar da su duka biyu. Da aka yi wa Annabi tayin auren 'yar Hamza ya ce ba ta halatta gare shi ba, 'yar ɗan'uwansa ce ta shayarwa. Wato a gidan Annabi ma nono ya rufe ƙofar wani aure na zumunci, kuma ba a ɗauki haka asara ba. Kan maganar Inna kuwa, ya ce Ibrahim ɗan Manzon Allah a gidan maƙeri aka shayar da shi, wurin Ummu Saif, a gefen Madina. Anas ya ba da labarin yadda Annabi yake takawa har can, ya shiga gidan hayaƙin ƙira ya turnuƙe shi, ya ɗauki ɗansa ya sumbace shi. Gaskiya ne malamai sun so a zaɓi mace mai lafiya da kyawun hali. Ba su ce a duba sana'ar mijinta ba. In ma hali ake sha a nono, ni dai na ga halin matar da ta kasa barci saboda kukan ɗiyar wani, kuma ina roƙon Allah 'yata ta sha shi duka.

Akwai kurakurai biyu da na lura mutanenmu suna yi, kuma suna cin karo da juna. Wasu, irin Gwaggo, suna zaton in yaro ya sha nonon wata to gida biyu sun haramta ga juna gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Wanda ya sha shi kaɗai ne ya shiga wancan gida. 'Yata ta zama 'yar maƙwabciyata da mijinta, amma yayyenta maza biyu babu abin da ya shafe su, suna iya auren 'ya'yan gidan. Wasu kuma suna zaton yaron da suka sha tare shi kaɗai ne ɗan'uwa. Wannan ma kuskure ne, kuma ya fi haɗari. Duk 'ya'yan matar, na gaba da na baya, 'yan'uwanta ne, haka 'ya'yan mijin ko da daga wani ɗaki ne, 'yan'uwan matar maza kuma sun zama kawunnanta. Abin da nasaba ta haramta, shayarwa ta haramta shi. Sai dai babu gado a tsakani. Ga kuma abin da ya fi ba ni takaici game da gidan da na je ta'aziyya: ɗaya daga cikin matan uku kishiyar marigayiyar ce. 'Ya'yan da ta haifa a gidan dama 'yan uban jaririn ne, babu wani aure a tsakaninsu da nononta zai ɓata.

Wanda ya kamata mu ji tsoro shi ne shayarwar ɓoye. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, duk nonon da ya isa cikin yaro a shekara biyun farko yana haramta aure ko da tsotsa ɗaya ce. Shafi'iyya da Hambaliyya ne suke cewa sai an sha sau biyar. To mu duba abin da ke faruwa a gidajen biki da suna: uwa ta fita ɗebo ruwa, yaro ya tsala kuka, wata ta ɗauka ta sa masa nono don ya yi shiru, ba ta gaya wa kowa ba don tana jin kunya ko tsoron faɗan miji. Bayan shekara ashirin a ɗaura aure. A Buhari akwai labarin Uƙba ɗan Haris, wanda ya yi aure sai wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da amaryarsa, ya tafi har Madina ya tambayi Annabi, ƙarshe ya rabu da matar. Ƙyamar da muke yi ba ta hana shayarwa ba, ta dai tura ta ƙarƙashin zane inda babu shaida.

Saboda haka liman ya sa na sayo littafi mai bango mai ƙarfi. Ya rubuta sunan yarinya da na iyayenta, sunan wadda ta shayar da na mijinta, da sunayen 'ya'yansu, da ranar da aka fara. Shaidu biyu suka sa hannu. Aka kwafa a takarda biyu, ɗaya tana cikin akwatina tare da takardar haihuwarta, ɗaya tana gidan maƙwabcina, littafin kuma yana wurin liman. Ranar Juma'a ya sanar a masallaci. Aikin bai ɗauki rabin awa ba.

Ya Edita, tun daga lokacin nake bibiyar duk labarin da ya shafi wannan batu, har na ji ana maganar bankin nono, kamar yadda ake da bankin jini. Mata masu yawan nono suna tatsa su bayar, a auna jininsu, a dumama nonon a zafin digiri 62 da rabi na minti 30 don kashe ƙwayoyin cuta, a daskarar da shi, a riƙa ba jariran da ke kwance a asibiti. Brazil tana da irin waɗannan sama da 200. Kenya ta buɗe nata a asibitin haihuwa na Pumwani a Nairobi a 2019. Ba don gayu ake yi ba. Bakwaini da ke cikin kwalba sau da yawa nonon uwarsa bai kawo ba, ko uwar tana kwance rai a hannun Allah, hanjinsa kuma bai yi ƙwarin da zai ɗauki madarar shanu ba, tana iya jawo masa wani mugun ciwo da ke ruɓar da hanji. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in babu nonon uwa, abin da ke biye ga irin wannan jariri shi ne nonon wata mace.

Matsalar ita ce a yawancin bankunan ana gauraya nonon mata da yawa, kuma ba a gaya wa iyaye na wace ce. A 1985 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta hana kafa irin wannan banki a ƙasashen Musulmi saboda cakuɗewar dangantaka. Marigayi Sheikh Yusuf Ƙardawi ya saɓa musu, yana ganin tsotsa daga ƙirji ce ke sa 'yan'uwantaka, majalisar fatawa ta Turai ma ta halatta. Amma mu nan, na tambayi liman, ya ce a Muhtasar, babban littafin fiƙihun Malikiyya, ko ɗurawa aka yi ta baki ko ta hanci hukuncin ɗaya ne. To bakwaini ta siririn tiyo ake ba shi, sau da yawa ta hanci. Ke nan duk wanda ya kwaso mana bankin gauraye ya dasa a Kano ko Katsina, ba za a karɓa ba, kuma ni ma ba zan ba da 'yata ba. A Karachi ta Pakistan an buɗe guda a 2024, ba a yi nisa ba aka dakatar da shi bayan malamai sun sake fatawa.

Sai dai akwai abu ɗaya a cikin hukuncin Jidda da nake so malamanmu su sake dubawa. Cikin dalilan da majalisar ta kawo har da cewa zamantakewar Musulmi ta wadatar, wato jaririn da ya rasa nono zai sami mai shayar da shi a cikin dangi da maƙwabta, don haka ba a bukatar banki. Sun hana bankin ne suna kyautata mana zaton za mu shayar da 'ya'yan juna. Mu kuma mun riƙe hanin, mun saki abin da aka dogara da shi. Wannan kuwa a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 sun mutu wajen ciki da haihuwa a shekarar 2020 kaɗai, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Da yawansu sun bar jarirai da rai. Ina jariran nan suke zuwa?

Malesiya ta nemi hanya. A garin Kuwantan akwai cibiyar nono a asibitin jami'ar Musulunci, suka sa mata sunan Halimatus Sa'adiyya, suna rubuta wace ta bayar, wane ya sha. A jihar Selango hukumar addini har kati take bayarwa na shaidar shayarwa. Abin da limaminmu ya yi da littafi da biro ke nan, su sun yi shi a hukumance. Ban ga abin da zai hana mu ba. Ba ma sai mun jira injin daskarewa ba, tunda wutar ma ba tsayawa take yi ba. Duk asibitin da ke da ɗakin jarirai ya ajiye rajista. In jariri ya rasa uwa ko nononta bai kawo ba, a tambayi dangi tun kafin a sallame su, a auna wadda ta yarda kyauta, jariri ɗaya a tsaya a kan mace ɗaya ko biyu, iyalai su san juna, kowa a ba shi takarda. A unguwa liman ko mai unguwa ya riƙe littafi, ranar ɗaurin aure a duba kamar yadda yanzu ake neman takardar gwajin jini. Masu fitar da zakka da sadaka su tuna da matar da ke shayar da maraya, buhun gero ɗaya yana kai ta nesa.

Ina roƙon malamai masu hawa mumbari su ware huɗuba guda a kan wannan, su faɗa da Hausa ƙarara wa ya haramta, wa bai haramta ba, don irin su Gwaggo su ji daga bakin da suka yarda da shi. Maza kuma nauyin ya fi yawa a kanmu. Mace ba za ta ɗauki ɗan wani ta sa a ƙirji ba sai ta san mijinta ya yarda. Da maƙwabcina bai tako ya same ni a ƙofar masallaci ba, da matarsa ta ci gaba da juyi a kan gado tana jin kukan ta bayan katanga, kamar yadda matan can uku suka yi ta ji har ya daina.

An yaye 'yata tana da shekara ɗaya da wata tara, rana ɗaya da ɗan'uwanta. Yanzu shekararta huɗu. Umma take kiran maƙwabciyata, kuma in an yi mata faɗa a nan gida can take gudu ta kai ƙara. Littafin liman ya sami ƙarin suna biyu bayan nata, ɗaya jaririn da uwarsa ta daɗe kwance bayan tiyata, ɗaya kuma ɗan tagwayen da nonon uwarsu ya gaza. Ƙofar langa-langar tana nan ba mu toshe ba. Yau da safe ta nan ta wuce da allonta a hannu, ta tsaya tana kiran ɗan'uwanta ya fito su tafi makaranta.

Allah ya jiƙan mahaifiyarta da duk matan da suka rasu a kan gwiwa, ya saka wa wadda ta shayar da ita da gidan Aljanna.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare,
Funtuwa, Jihar Katsina.